Gawo a Gonakin Tsanyawa: Tarihin Bambancin Irinsa

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya bi hanyar motar da ta tashi daga birnin Kano zuwa Katsina, da zarar ya wuce Bichi ya shiga ƙasar Tsanyawa, zai ga gonaki sun haɗe da juna daga wannan ƙauye zuwa wancan, babu sauran daji a tsakaninsu sai ɗan abin da ba a rasa ba. Amma duk da haka ƙasar ba ta zama faƙo ba, domin kuwa a cikin gonakin nan akwai itatuwa tsaye jefi-jefi, kamar su kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya da aduwa da darbejiya da gawo. Dajin wannan ƙasa a cikin gonakinta yake, kuma manoma su ne masu tsaronsa.

Manufar wannan lacca ita ce a ɗauki ɗaya daga cikin itatuwan nan, watau gawo, a bi tarihinsa, domin a ga yadda aka yi gawon wata ƙasa ya bambanta da na wata, da kuma yadda aka yi gawon wannan sashe na Afirka ya tara bambancin iri mai yawa. Za a kuma kwatanta shi da darbejiya, baƙuwar da aka kawo Nijeriya cikin 1928. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan bambancin iri gado ne wanda dabbobi da makiyaya da manoma suka tara cikin ɗaruruwan shekaru, kuma ana iya salwantar da shi ko da yawan itatuwa yana ƙaruwa. Batun ya shafi ɗalibai, ya kuma fi shafar ma'aikatan gwamnati waɗanda ke sa hannu a takardun sayen iri da na rabon dashe.

2.0 MA'ANAR BAMBANCIN IRI

Manomin ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan batu. Ya san dawa duk dawa ce, amma ƙaura daban, farafara daban, kuma ya san wadda ta fi jure ƙarancin ruwa da wadda ta fi son ƙasa mai danshi. Haka nan makiyayi ya san bambancin da ke tsakanin bunaji da rahaji da gudali, ko da yake dukkansu shanu ne. Abin da yake gaskiya ga hatsi da dabbobi, gaskiya ne ga itatuwa, illa dai itace yana daɗewa kafin halinsa ya bayyana, shi ya sa ba kowa ke lura ba.

Kowane itace yana gadon halayensa ta hanyar ƙwayoyin gado, rabi daga bishiyar da ta yi 'ya'ya, rabi daga wadda ƙwari ko iska suka ɗauko ƙurar furenta. Saboda haka bambancin iri hawa biyu ne. Akwai wanda ke tsakanin bishiya da bishiya a yanki guda, alal misali gawo biyu a gona ɗaya, wannan mai yawan 'ya'ya, wancan mai saurin tofo. Akwai kuma wanda ke tsakanin yanki da yanki, watau tsakanin gawon Kano da na Habasha ko na bakin kogin Zambezi. A cikin wannan lacca za a riƙa kiran itatuwan yanki guda da sunan "dangi". Amfanin bambancin kuwa a fili yake: in fari ko cuta ta zo wa dangin da 'ya'yansa suka bambanta, za ta kashe wasu ta bar wasu, waɗanda suka tsira su ci gaba da yaɗuwa. In kuwa duk hali ɗaya gare su, abin da ya kayar da ɗaya shi zai kayar da saura.

Masana itatuwa na Turai sun gane haka tun kafin a san ƙwayoyin gado. A shekarun 1820 wani Bafaranshe mai suna Vilmorin ya tattaro ƙwayoyin wani itacen katako na ƙasashen sanyi daga sassan Turai daban-daban, ya shuka su jere a gonarsa ta Les Barres, sai ya ga wasu sun miƙe sambal, wasu sun karkace, alhali ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya suka samu. Tun daga nan aka fahimci cewa asalin iri yana bin itace duk inda aka kai shi. Sai cikin 1866 Mendel ya buga bayaninsa a kan ƙa'idojin gado.

3.0 GAWO DA HALAYENSA

Gawo itace ne mai ƙaya, wanda ya saɓa wa sauran itatuwa a al'adarsa. Da damina, sa'ad da kowane itace ke yin ganye, shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara. In kaka ta yi ruwa ya ɗauke, sa'an nan ya tofo ya yi fure. Don haka ba ya yi wa gero ko dawa inuwa lokacin da suke bukatar rana, kuma ganyen da ya zubar yana ruɓewa ya zama taki daidai lokacin shuka. Bugu da ƙari, yana cikin itatuwan da saiwoyinsu ke ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, kamar yadda wake da gyaɗa suke yi. A wani bincike da Charreau da Vidal suka buga cikin 1965 daga Bambey ta ƙasar Senegal, an sami geron da ke ƙarƙashin gawo ya ninka na fili fiye da sau biyu. Sirrin tofonsa da rani kuwa yana ga saiwarsa, wadda ke nutsawa har ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa. A arewacin Senegal an bi ta har zurfin fiye da mita 30.

Ana samun gawo tun daga Senegal har Habasha, daga Masar da Falasɗinu har Namibiya da Afirka ta Kudu. Wani masani Bafaranshe mai suna Delile, wanda ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar, shi ya fara bayyana shi a rubuce ga masanan Turai cikin 1813, ya sa masa suna Acacia albida, watau ya haɗa shi gida ɗaya da bagaruwa da farar ƙaya. Cikin 1934 Auguste Chevalier ya ga ya bambanta da su ƙwarai, sai ya ware masa gida nasa, ya kira shi Faidherbia, da sunan Faidherbe wanda ya yi gwamnan Senegal a ƙarni na 19.

Abin lura shi ne, mazaunin gawo ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. A gabashi da kudancin Afirka itacen bakin kogi ne, inda ruwa ke kusa, kuma giwaye da sauran namun daji su ne ke cin 'ya'yansa suna yaɗa su. A Afirka ta Yamma kuwa ya fi yawa a gonakin jigawa, nesa da kogi, tare da mutane da dabbobinsu. Wannan bambancin mazauni shi ne tushen bambancin da za a gani nan gaba.

4.0 KAFIN ZUWAN TURAWA

Ƙwayar gawo tana da ɓawo mai tauri, ba ta cika tsira ba in ta faɗi a gindin uwarta. 'Ya'yan suna nuna su zubo da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, sai shanu da awaki da tumaki da raƙuma su yi ta tsinta. Wasu ƙwayoyin suna narkewa a ciki, wasu kuwa su fito tare da kashi, ɓawonsu ya yi laushi, ga kuma taki a shirye. Dabbar da ta ci 'ya'yan gawo yau tana iya zubar da ƙwayar bayan 'yan kwanaki a wani wuri mai nisa. Ke nan tarihin yaɗuwar gawo a ƙasar Hausa ba ya rabuwa da tarihin zirga-zirgar dabbobi.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan Fulani daga Mali a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463. Da tafiya ta yi tafiya sai wata al'ada ta kafu tsakanin manoma da makiyaya: bayan girbi a saki shanu a gona su ci kara da harawa, su kwana a nan su bar taki, da damina kuma su bi burtali su koma makiyaya. Ban da wannan, ga ayarin Azbinawa da ke saukowa kowace shekara da dubban raƙuma ɗauke da gishirin Bilma, ga fatake da jakunansu. Ƙasar Tsanyawa tana tsakanin Kano da Katsina, manyan kasuwannin ƙasar Hausa guda biyu, don haka ba ta rasa rabonta daga ƙwayoyin da dabbobin nan suka ɗauko daga arewa da yamma.

Amma zubar da ƙwaya ba ya wadatarwa, sai an sami wanda zai ƙyale tsiron. A nan ne hannun manomi ya shigo. Shi ne wanda, in yana noma ya tarar da ɗan gawo, zai kauce masa da fartanya, ya rage masa rassa domin ya miƙe, ya kuma sare wanda bai yi masa ba. Masanin labarin ƙasa Paul Pélissier ya nuna cikin 1966 cewa gawon da ya cika gonakin Serer na Senegal aikin mutane ne da shanunsu, kuma R. A. Pullan ya yi irin wannan bayani game da gonakin Afirka ta Yamma cikin 1974, a mujallar Savanna ta Jami'ar Ahmadu Bello. Tun kafin su, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya taso daga Katsina ya bi ta Kusada da Bichi ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu, 1851, ya kuma rubuta cewa ya ratsa ƙasa nomammiya mai yawan garuruwa da manyan itatuwa a cikin gonaki.

Sarakuna ma sun san darajar itacen. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan gawo, har hukuncin wanda ya sare shi ya kai ga kisa. Har yanzu ƙasar Damagaram tana cikin wuraren da gawo ya fi yawa a duk yankin Sahel. Wannan tsari ya gamu da cikas wajen 1890 zuwa 1891, sa'ad da annobar bushiya ta hallaka mafi yawan shanun ƙasar, amma da yake gawo itace ne mai tsawon rai, iyayen suna nan tsaye har garkuna suka farfaɗo.

5.0 ZAMANIN TURAWA DA ZUWAN DARBEJIYA

Turawan Ingila sun ci Kano cikin 1903. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka yi ta faɗaɗa gonaki ana cinye sauran daji. Dokar gandun daji ta 1916 da wadda ta biyo bayanta cikin 1937 sun fi mai da hankali ga keɓe daji da hana sara, domin a idon ma'aikatan wancan zamani daji shi ne wurin da babu noma. Itacen da ke tsakiyar gona bai cika shiga lissafinsu ba.

Cikin 1934 wani malamin ilmin daji na Jami'ar Edinburgh, E. P. Stebbing, ya zagaya arewacin Nijeriya da Nijar, ya koma ya buga cikin 1935 cewa Sahara tana gangarowa kudu, kuma in ba a dasa doguwar katangar itatuwa ba za ta cim ma Kano. Ingila da Faransa suka naɗa hukumar haɗin gwiwa wadda ta zagaya iyakar ƙasashen biyu daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Hukumar ba ta sami shaidar cewa hamada tana tafiya kamar yadda ya faɗa ba, sai dai ta ga ɓarnar da mutane ke yi a wasu wurare. Duk da haka tsoron da Stebbing ya shuka ya zauna, ya kuma ƙarfafa ra'ayin cewa maganin ƙasar shi ne a dasa itace mai saurin girma.

Itacen da ya cika wannan sharaɗi shi ne darbejiya. Asalinta ƙasar Indiya ce da maƙwabtanta. An kai ta Gana a zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, sa'an nan aka dasa ta a Lardin Borno cikin 1928. Daga nan ma'aikatan En'e suka baza ta a kasuwanni da makarantu da bakin hanyoyi, jemagu da tsuntsaye kuma suka ƙarasa aikin. Yawan sunayenta ma ya nuna baƙuntarta: wani wuri darbejiya, wani wuri dogon yaro, wani maina, wani bedi. Ba a musun amfaninta wajen inuwa da itacen girki da azara da magani. Amma ta fuskar iri tana da rauni guda. Ƙwayarta ba ta daɗewa a ajiye, cikin 'yan makonni take mutuwa, don haka abin da ya iso da rai daga ƙetare kaɗan ne, kuma kowane lambun renon dashe daga bishiyoyin da ke kusa da shi yake tsintar iri. Miliyoyin darbejiyar da ke Afirka ta Yamma zuriyar 'yan tsirarun iyaye ne.

6.0 FARI DA DARUSSAN GWAJI

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun tayar da hankalin gwamnatoci, aka shiga dashen itatuwa gadan-gadan. A Jihar Kano an jera katangun turare da darbejiya a ƙasar Ɗambatta da sauran yankunan arewa. A Nijar ƙungiyar CARE ta fara dasa katangun darbejiya a kwarin Majiya cikin 1975. A wannan zamani ne aka koyi darussa uku waɗanda suka shafi asalin iri.

Na farko ya zo ta wajen turare. Tashar binciken itatuwa da aka kafa a Samaru ta Zariya cikin 1964 ta gwada irin turare daga wurare daban-daban na Ostareliya, sai aka ga wanda aka ɗebo daga Petford da Katherine, a arewacin ƙasar inda ake damina da rani kamar na nan, ya fi na kudancinta nesa ba kusa ba. Jinsi ɗaya ne, asali ne ya bambanta.

Na biyu ya zo ta wajen darbejiya. A shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya yi mata ɓarna a kewayen tafkin Chadi. Sa'an nan cikin 1990 aka ba da rahoton wata lalura a Nijar, inda ganye ke yin rawaya ya zube, reshe ya tsaya tsirara sai ɗan tuntu a kansa, har masu bincike suka kwatanta shi da wuyan raƙumin dawa. Ba da jimawa ba aka ga irinta a arewacin Nijeriya da maƙwabta. Masu bincike ba su kama wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa laifin ba, suka fi karkata ga wahalar fari da taurin ƙasa, amma abin da ya fi ba su tsoro shi ne ƙarancin bambancin iri, domin in annoba ta gaske ta zo babu dangin da za a dogara da shi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta jagoranci tattaro sabon irin darbejiya daga ƙasashen Asiya a shekarun 1990 domin a gwada.

Na uku shi ne na gawo kansa. Kowa ya san aibinsa shi ne jinkirin girma a shekarun farko. Da aka ga gawon gabashi da kudancin Afirka yana da manyan ƙwayoyi, kuma dashensa yana tashi da sauri, sai aka yi zaton an sami mafita, aka kawo shi Sahel. A lambu ya yi kyau, da daminar farko ma ya tsere wa na gida, amma da rani ya tsananta sai ya yi ta mutuwa a jigawa, na gida kuwa yana nan da ransa. R. J. Vandenbeldt, wanda ya yi aiki a tashar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya buga bayanin dalilin cikin 1991: bambancin yana ƙarƙashin ƙasa. Gawon bakin kogi ya gaji zuba ƙarfinsa a sama, domin a ƙasarsu ruwa yana kusa. Gawon Sahel kuwa ya gaji fara neman ruwa da saiwa kafin ya nemi tsawo. Jinkirin da ake ganin aibi ne, ashe shi ne makaminsa. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

7.0 ABIN DA BINCIKEN ƘWAYOYIN GADO YA NUNA

Tun cikin 1959 masanin tsirrai J. P. M. Brenan ya lura cewa gawo kashi biyu ne ta fuskar kama: mai ƙananan ganye marasa gashi, wanda ya fi yawa ta arewa, da mai manyan ganye masu gashi-gashi, wanda ya fi yawa ta kudu, tare da na tsaka-tsaki a wurare da dama. Amma ido yana da iyaka. Sai a shekarun 1990 aka sami damar auna bambancin a ɗakin bincike, ta hanyar niƙa ƙwayoyi a fitar da wasu sinadarai waɗanda kamanninsu ke bin ƙwayoyin gado.

Cikin 1992 Hélène Joly da abokan aikinta suka buga sakamakon irin wannan awo a kan dangogin gawo na Afirka ta Yamma. Sun sami bambanci mai yawa, kuma mafi yawansa yana tsakanin bishiya da bishiya a cikin dangi guda, abin da ke tsakanin dangi da dangi bai kai shi ba. Cikin 1997 Harris da Fagg da Barnes na Jami'ar Oxford suka faɗaɗa awon ya game nahiyar, suka ga gawon yamma da na kudu sun rabu a fili, kuma na yamma ya fi tara bambanci, na kudu ya fi ƙarancinsa. Binciken da aka yi daga baya da sababbin dabaru a cibiyar ICRAF ta Nairobi ya ƙarfafa wannan. A can gefen arewa kuwa, a Falasɗinu, an sami 'yan tsirarun dangogi waɗanda zaren gadonsu 52 ne maimakon 26 da aka saba gani a Afirka, kuma sun fi yaɗuwa ta tsiron saiwa.

Ma'anar wannan ga ƙasa irin ta Tsanyawa abu biyu ne. Na ɗaya, gonakinta suna cikin sashen da gawo ya fi arzikin iri a duniya, kuma hakan ya dace da tarihin da aka bayar a baya, na ƙwayoyi masu yawo a cikin dabbobi da ƙudan zuma masu haɗa furen wannan gona da na waccan. Na biyu, tun da yake mafi yawan bambancin yana tsakanin bishiya da bishiya, kowane tsohon gawo yana ɗauke da wani abu wanda maƙwabcinsa ba shi da shi. Wanda ya tara iri daga bishiya ɗaya tak, komai kyanta, ya bar mafi yawan dukiyar a baya.

8.0 YAWAN ITATUWA DA RAGUWAR GAWO

Michael Mortimore da J. Wilson sun bayyana ƙasar da ke kewaye da Kano cikin 1965 a matsayin yanki mai cunkoson jama'a, inda ake da fiye da mutum 140 a kowane murabba'in kilomita. An daɗe ana zaton irin wannan cunkoso zai cinye itatuwa. Amma binciken da Cline-Cole da Falola da Mortimore da sauransu suka buga cikin 1990 a kan itacen girki a Kano ya nuna manoma sun riƙe itatuwa kimanin 12 zuwa 15 a kowace hekta daga 1972 zuwa 1985, duk da fari biyu, kuma mafi yawan itacen da birni ke ƙonawa daga dazuzzuka masu nisa ake kawo shi. Cikin 2018 da 2019 Muhammad Usman da Janet Nichol suka sake duba yankin ta hotunan sama da ƙidaya a gonaki, suka ga itatuwa sun ƙaru ƙwarai. Sai dai darbejiya ce ke ƙaruwa, gawo da ɗorawa da wasu itatuwan gida kuwa suna ja da baya.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Garmar shanu da tarakta ba sa kauce wa ɗan tsiro kamar yadda fartanya ke yi. Burtali ya ƙuntace, dangantakar manomi da makiyayi ta yi tsami, garkunan da ke kwana a gona sun ragu. Ana tsince 'ya'yan gawo a buhu a kai kasuwa domin masu kiwon turke, ana kuma datse rassa tun suna fure. Gonaki suna ƙara tsagewa wajen rabon gado. In tsofaffin itatuwa suka yi nisa da juna, ƙwari ba sa haɗa su sosai, sai 'ya'yansu su zama na auren zumunci, bambanci ya ragu tun kafin a lura.

A tsallaken iyaka an sami wani darasi. Dokar daji ta Faransa ta 1935 da ta Nijar ta 1974 sun sa itatuwa a hannun hukuma, har manoma suka riƙa tuge ɗan gawo tun yana ƙarami don gudun tara. Daga 1983, a ƙasar Maraɗi, Tony Rinaudo da manoman da ya yi aiki da su suka farfaɗo da dabarar renon tofon kututture da tsiron da ya fito da kansa, wadda ake kira sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta, manoma suka tabbata itacen nasu ne, sai aikin ya bazu har aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a Maraɗi da Damagaram, kuma a Magariya da Matamaye da Mirya gawo ne ya fi yawa. Ta fuskar iri, tofon kututture tsohuwar bishiyar ce ta dawo da halinta na gado, tsiron ƙwaya kuwa sabon haɗi ne. Ana bukatar duka biyun.

9.0 KAMMALAWA

An ga yadda gawon ƙasar Hausa ya sami bambancin irinsa ta hanyar dabbobi da ayari da fartanyar manomi, an ga yadda darbejiya ta yi yawa a kan tushe siriri, an kuma ga yadda gawon wata ƙasa ya kasa zama a jigawar Sahel. Tun da Nijeriya ta kafa hukumar Babbar Katangar Itatuwa cikin 2015, kuma Kano tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa, dashe zai ci gaba, kuma tambayar da ta kamaci kowane jami'i ita ce: daga ina irin ya fito, daga bishiya nawa? Tambayar tana da dalili, domin wani bincike da aka buga cikin 2005 a kan lambunan renon dashe na Kenya da Tanzaniya da Uganda ya gano cewa a tsakaice daga iyaye shida ake tara iri, kuma fiye da kashi 20 cikin ɗari daga bishiya ɗaya tak.

Ƙa'idar da masana suka saba bayarwa ita ce a tara iri daga iyaye 30 ko fiye, masu tazarar kamar mita 100 a tsakaninsu, a haɗa su daidai wa daida, a kuma rubuta sunan wurin da shekarar. Ya kamata a fara da gawon gida, na Tsanyawa da Dumbulum da 'Yankamaye da kewayensu, sa'an nan a ƙara da na ƙasashen da suka fi su ƙarancin ruwa, kamar Daura da Damagaram, saboda shekarun fari masu zuwa. Ya kamata a riƙa auna nasarar aiki da yawan dashen da ya rayu bayan rani uku, domin ƙidayar ranar rabo ba ta nuna komai. Fiye da duka, ya kamata a tabbatar wa manomi cewa gawon da ya rena nasa ne da 'ya'yansa, a kuma kiyaye burtali domin dabbobi su ci gaba da aikin da suka daɗe suna yi. Darbejiyar da ta mutu ana iya sake ɗauko irinta daga Indiya, amma dangin gawon da ya saba da jigawar arewacin Kano, in ya ƙare, babu wata ƙasa da za a je a sayo shi.